Mene ne faɗuwar suga, kuma me ya haɗa ta da ƙwayar da ake sha kullum?

Duk gidan da ke da mai ciwon suga an san maganar "suga ya hau". Ita ake tsoro, saboda ita ake hana tsoho shayi mai zaƙi, ake sauya masa tuwon shinkafa da na alkama. Ɗaya gefen kuwa, wato suga ya faɗi, ba a cika zancensa a karkararmu ba, alhali shi ya fi saurin kai mutum ƙasa. Hawan suga yakan ɗauki shekaru yana cin ido da ƙoda da ƙafa sannu a hankali. Faɗuwar suga tana iya sumar da mutum tsakanin Azahar da La'asar.

Abin da ake nufi shi ne sugan da ke yawo a cikin jini ya gaza abin da jiki ke buƙata, musamman ƙwaƙwalwa. Ita ƙwaƙwalwa ba ta da wani abin kirki da take ajiyewa, daga jini take karɓar abincinta ba dare ba rana, da zarar ya yanke sai ta rikice. Ma'aikatan lafiya sun sa iyaka. In na'urar gwaji ta nuna ƙasa da 70, suga ya faɗi. In ta nuna ƙasa da 54, abin ya yi tsanani. Akwai na'urorin da ke lissafi da wani ma'auni dabam, a kansu lambobin su ne 3.9 da 3.0, don haka mai na'ura a gida ya tambayi wanda ya sayar masa wace iri ce tasa.

Mai ciwon suga da ba ya shan komai, da wuya sugansa ya faɗi. Magani ne ke jawo abin, shi ma ba kowane magani ba. A nan ne nake ganin an bar mutanenmu a duhu, domin a ƙauye duk sunansu ɗaya, "maganin suga", sai dai a ce babbar ƙwaya da ƙaramar ƙwaya.

Babbar, yawanci metformin ce, wadda wasu suka sani da sunan Glucophage, mai lamba 500 ko 850 ko 1000 a jikin kwali. Tsohon magani ne, tun 1957 wani likita a Faransa, Jean Sterne, ya fara ba masu ciwon suga shi. Babban aikinta shi ne ta hana hanta zuba suga da yawa cikin jini, ta kuma sa jiki ya fi amfana da insulin da yake da shi, wato sinadarin da ke kwashe suga daga jini. In ita kaɗai mutum yake sha, ba kasafai take faɗar da suga ba. Nata laifin a ciki yake: tashin zuciya, kumburin ciki, zawo a makonnin farko, shi ya sa ake shan ta tare da abinci ko da an gama ci.

Ƙaramar ita ce abin lura. Glibenclamide, wadda aka fi sani da Daonil, mai lamba 5, da 'yan'uwanta glimepiride da gliclazide. Su aikinsu matsa wa wata gaɓa da ke bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, ta fitar da insulin, shi kuma insulin ya kwashe suga daga jini ya kai cikin tsoka. Ƙwayar ba ta san ko mutum ya ci abinci ko bai ci ba. Tamkar injin ban ruwa ne da aka tayar aka tafi aka bari: zai ci gaba da ja, ko da ruwa a rijiya ko ta ƙafe. Akwai kuma ƙwayoyin da aka haɗa metformin da glibenclamide a cikin guda ɗaya, irin su Glucovance, mai shan su yana iya zaton babba ce kawai yake sha, alhali ƙaramar tana ciki. Saboda haka launi da girma ba su isa shaida ba. A karanta sunan da ke jikin kwali, in babu mai karatun boko a gidan a kai wa ma'aikacin asibiti ko malamin makaranta ya karanta, a rubuta shi a takarda ko da da ajami ne.

Ga yadda abin yakan faru da damina, lokacin noman firi. Magidanci ya idar da sallar Asuba, ya haɗiyi ƙwayarsa da ruwan randa, koko bai dahu ba, shi kuma yana son ya ci ƙarfin aiki kafin rana ta ɗaga. Ya saɓi fartanya, ya ce a aiko masa da fura in hantsi ya yi. Abu uku sun haɗu ke nan: magani yana aiki, ciki ba komai, ga aikin ƙarfi da ke ƙone ɗan sugan da ya rage. Kafin ya kai ƙarshen kunya ta biyar sai zufa ta keto masa, zufa mai sanyi, ba irin ta rana ba. Hannu ya soma karkarwa, ƙirji na dukan uku-uku, ga wata yunwa mai ƙwaƙular ciki, gani ya yi dishi-dishi. Ɗansa da ke kunyar kusa ya ɗago ya ce, "Baba, lafiya kuwa?" Sai ya daka masa tsawa, "Kai, rabu da ni!", mutumin da ba a san shi da faɗa ba. Wannan faɗan ma alama ce. In ba a ba shi wani abu mai zaƙi a wannan gaɓar ba, magana za ta fara sarƙewa, ya riƙa tangaɗi, ya yi sambatu, daga nan sai faɗuwa, wani har da jijjiga kamar mai farfaɗiya.

A cikin gida kuma wata siga yake ɗauka, wadda ta fi ba ni tausayi, domin kulawa ce ke jawo ta. Tsohuwa ta kwanta zazzaɓi, kwana biyu ko kunu ba ta iya shanyewa. Surukarta, mai tsoron kada a ce ta yi sakaci, kowace safiya sai ta zo da kofi: "Inna, daure ki sha maganinki, likita ya ce kada a tsallake." Likita ya faɗi haka, gaskiya ne, amma ga mai cin abinci ya faɗa. Ranar da mara lafiya ya kasa ci, a nemi ma'aikacin lafiya a ranar kafin a ba shi glibenclamide. Tsofaffi kuma sau da yawa ba sa yin zufa da karkarwar da za ta ankarar da mutane. Sai dai a ga barci ya yi yawa, ko an tashe ta tana kallon mutane ba ta gane su.

Da yake alamun sun yi kama da wasu abubuwa, fassara takan yi yawa. Wani ya ce rana ce ta buge shi. Wata ta ce iska ce, a kawo hayaƙi, a kira mai ruƙiya. Wani ya ga baki ya karkace ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, kuma lallai faɗuwar suga tana iya kwaikwayon ta. Mafi muni shi ne a ce "sugansa ne ya tashi", a ƙara masa wata ƙwayar. Ba wanda ya hana addu'a, a yi ta, amma hannu yana dama sukari baki yana addu'a. Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke koyarwa ita ce: mai shan irin wannan magani in ya nuna waɗannan alamu kuma babu na'urar gwaji a kusa, a ɗauka sugansa faɗuwa ya yi. In ma ashe hawa ya yi, cokali uku na sukari ba za su yi masa wata babbar illa ba kafin a isa asibiti. In kuwa faɗuwa ce aka tsaya shawara, ƙwaƙwalwa ce ke cutuwa.

Muddin yana iya haɗiya, a ba shi kimanin giram 15 na abu mai zaƙi. Wato ƙaramin cokalin shayi uku zuwa huɗu na sukari a dama a ruwa, ko sukari mai ƙwaya guda huɗu, ko babban cokali ɗaya na zuma, ko rabin ƙaramar kwalbar lemo irin su Fanta da Coke, ban da wanda aka rubuta ba sukari a cikinsa. Mazarƙwaila ma ta yi, alewa ma ta yi. A jira minti 15. In bai dawo daidai ba a maimaita. Da ya warware sai a bi shi da abinci mai riƙe ciki, fura ko tuwo ko ɗumame ko burodi, domin zaƙin nan ba ya daɗewa. Kada a fara da gyaɗa ko nama ko madara, ba sa ɗaga suga da sauri.

In kuwa ya riga ya suma, kada a ɗura masa komai. Ruwan zai iya bi ta hanyar numfashi ya shiga huhu. A kwantar da shi ta gefe ɗaya, a nemi mota ko a-daidaita-sahu, a nufi asibiti mafi kusa inda za a iya sa masa ruwan suga ta jijiya, a tafi da kwalin maganin a hannu. Na kusa ake nema, ko babban asibitin Gumel ne, ko Ringim, ko Bichi, ko Rano. Ba lokacin cewa sai Asibitin Malam Aminu Kano ko na Rasheed Shekoni a Dutse ba ne. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne glibenclamide tana daɗewa a jiki. Mutum zai farfaɗo, ya yi hira, a yi hamdala, cikin dare suga ya sake faɗuwa. In likita ya ce a kwana a asibiti bayan mara lafiya ya tashi garau, ba neman kuɗin gado yake ba, wannan dawowar yake tsoro.

Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya manyanta da wanda ƙodarsa ta yi rauni, domin maganin yana taruwa a jikinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jerin muhimman magungunanta, ta nuna glibenclamide ba ta dace da wanda ya haura shekara 60 ba, gliclazide ta sa a gaba. Amma glibenclamide ta fi araha, ita ce a kusan kowane kemis, kuma dattawa da yawa sun shekara goma suna sayen ta da tsohuwar takardar da aka rubuta musu tun suna da ƙarfinsu. Wanda ke da irin wannan dattijo a gida ya kai shi a sake duba maganin, a gwada ƙoda.

Sai abin da ake haɗawa da ita. Septrin da ciprofloxacin, da ake saya ba takarda don ciwon ciki ko na fitsari, suna iya ƙara wa ƙwayar ƙarfi. Kwinin na zazzaɓin cizon sauro shi kansa yana saukar da suga. Propranolol, da wasu ke sha don hawan jini, yana ɓoye karkarwa da bugun zuciya, sai zufa kaɗai ta rage. Haka jiƙe-jiƙen gida, garafuni da hulba da shuwaka: wasunsu suna rage suga, kuma ba wanda ya auna yawan abin da ke cikin kofi. Mai shan su ya gaya wa likita, kada ya ɓoye don kunya. Wanda ya manta bai sha ƙwayar safe ba kada ya haɗa biyu da dare. Kada kuma a ari ta maƙwabci, ko a saya a faifan mai talla a kasuwar Wudil ko Maigatari inda ta yini a rana ba kwali ba lambar NAFDAC. Ita ma metformin tana da ranar da ake dakatar da ita: in amai da gudawa sun kama mutum har jiki ya bushe, a tsaya a ga ma'aikacin lafiya tukuna, saboda ƙoda.

Azumi yana buƙatar shiri tun Sha'aban. Mai shan glibenclamide da sahur ya yini ba ci, wajen La'asar ne abin ke kama shi. Likita yakan mayar da ƙwayar lokacin buɗa-baki, ko ya rage ta sahur, ko ya sauya ta gaba ɗaya, kuma wannan hukuncin nasa ne, ba na mai kemis ba. Ƙa'idojin da likitocin suga suka fitar kan Ramadan sun ce a karya azumi in suga ya yi ƙasa da 70 ko ya haura 300, sun kuma bayyana cewa tsira yatsa don gwaji ba ya karya azumi. Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame a aya ta 184 da ta 185 cikin Suratul Baƙara. Na san nauyin da dattijo ke ji a ce ya sha ruwa saura awa ɗaya a kira Magariba, amma jiran awar nan ne ke kai wasu ga suma.

Duk wannan ba dalilin jefar da magani ba ne, wanda ya daina sha don tsoro zai koma hannun hawan suga. Abin da ake so shi ne ƙwaya ta tafi tare da abinci, a sha ta a ci a take, ba a sha a ce sai an dawo daga gona ba. Mai shan ta ya riƙa yawo da sukari mai ƙwaya ko alewa a aljihun riga, a ƙulle a leda saboda zufa. Matarsa da 'ya'yansa da abokan aikinsa na gona ko na kasuwa su san alamun, su san aljihun da abin yake. Kuma duk ranar da suga ya faɗi, ko da an magance shi a gida, a riƙe lokacin da abin ya faru, da abin da aka ci, da aikin da ake yi, a faɗa wa likita ba tare da jiran ranar da aka ba da ta komawa ba, domin sau da yawa alama ce cewa ƙwayar ta yi wa mutum yawa kuma ana buƙatar a rage ta ko a canza.