Kashin rufe rabin zango a finafinan almarar kimiyya

Kashin rufe rabin zango shi ne kashin da tashar talabijin ke nunawa a ƙarshe kafin fim mai dogon zango ya tafi hutu a tsakiyar zangonsa, hutun da kan ɗauki makonni ko watanni. Marubuta kan tara babban abin mamaki a cikinsa, su yanke labari a daidai inda hankali ya tashi. Finafinan almarar kimiyya, masu jiragen sararin samaniya da mutum-mutumi da tafiya cikin zamani, suna yawan amfani da wannan dabara, saboda labarinsu a kan asiri yake tafiya, asiri kuwa shi ke riƙe mai kallo.

Asali

Al'adar ta Amurka ce, kuma kasuwa ce ta haife ta. Manyan tashoshin can kan buɗe zango a watan Satumba su rufe a Mayu da kashi kusan 22, alhali makonnin da ke tsakani sun fi haka yawa. A da, kamfanin Nielsen kan zurfafa ƙidayar masu kallo a Nuwamba da Fabrairu da Mayu, da ita ake tsayar da farashin talla. Shi ya sa ake ajiye kashi mai zafi a ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba, a tafi hutun Kirsimeti.

Yadda masu kallo suka karɓa

Misalin da ya fi shahara shi ne Battlestar Galactica. A kashin da aka nuna ranar 13 ga Yuni 2008, ragowar 'yan Adam da suka yi shekaru suna gudun mutum-mutumin Cylon suna neman Duniya sun same ta. Aka yi murna a cikin jirage, aka rungumi juna. Da suka sauka sai suka tarar da kango, makaman nukiliya sun cinye komai, aka rufe ba tare da wani bayani ba. Yajin aikin marubutan finafinai na Nuwamba 2007 zuwa Fabrairu 2008 ya riga ya kawo wa aikin cikas, ci gaban bai fito ba sai 16 ga Janairu 2009. Wata bakwai ke nan mutane na ta hasashe. Masu sharhi da yawa sun yaba, kuma ya cancanci yabon, don ya ba mai kallo amsar da ya daɗe yana jira kafin ya ɗora masa sabuwar tambaya.

Lost ya yi akasin haka. A zango na 3 an nuna kashi shida kacal, aka tsaya ranar 8 ga Nuwamba 2006 har zuwa 7 ga Fabrairu 2007. Masu kallo suka yi ƙorafin an ja musu rai ba a ba su komai ba. Daga zango na 4 tashar ABC ta mayar da farawar fim ɗin farkon shekara. Jericho na tashar CBS shi ma ya tafi dogon hutu a wannan lokacin, ya dawo ya tarar masu kallo sun ragu, aka soke shi a Mayu 2007. Masoyansa suka yi ta aika wa tashar gyaɗa don nuna rashin amincewarsu, tan sama da 20, har ta amince da ƙarin kashi bakwai. A Ingila, BBC ta raba zangon Doctor Who na 2011 gida biyu, ta tona asalin River Song, wata mace a cikin labarin, ranar 4 ga Yuni, ta dawo 27 ga Agusta.

A arewacin Kamaru da Chadi

Hausawan Garwa da Marwa da Ngaundare da Kusseri, da na Njamena a tsallaken kogi, ta hanyoyi uku irin waɗannan finafinai ke iso musu: tauraron ɗan Adam irin Canal+ mai fassarar Faransanci, saukarwa daga intanet ga mai kuɗin data, da shagon masu turi inda ake zuba wa mutum kashi-kashi a memori da 'yan sefa kaɗan. Kowace hanya da lokacinta. Abin da aka nuna ƙarfe tara na dare a gabashin Amurka a watan Disamba, ƙarfe uku na dare ne a Garwa. Mai jin Turanci kan kalla da safe, mai jiran Faransanci ya jira. Daga nan rigima ke tashi a majalisar shayi da zaurukan WhatsApp, in wanda ya riga ya gani ya kasa riƙe bakinsa ya faɗi wanda ya mutu.

Wani abin kuma, jadawalin tashoshin Amurka ba ya biyo fim cikin memori. Mai saye ya kalli kashi tara ko goma a dare biyu, in ba a ɗauke wuta ba, sai labari ya tsaya cak. Washegari ga shi a shago: "Malam, wannan fim ɗin ai bai cika ba, ina sauran?" Mai shago ya rantse iyakarsa ke nan, sai bayan sabuwar shekara. Da yawa daga masu kallo sun koyi darasi, ba sa karɓar zango sai an tabbatar musu ya kammala. Waɗanda suka saba bin finafinan Arewa24 mako-mako sun fi haƙurin jira, amma su ma hutun ƙarshen zango suka sani, hutun tsakiya baƙo ne a wurinsu.

Zuwan Netflix, mai sakin zango gaba ɗaya a rana guda, ya dace da yadda ake kallo a yankin. Sai dai shi ma ya koma raba manyan finafinansa: zango na 4 na Stranger Things ya fito kashi bakwai ranar 27 ga Mayu 2022, biyun ƙarshe kuma sai 1 ga Yuli.