Me ya kai ɗalibin zanen gine-gine ga riƙe sandar walda?

A wasu jami'o'i, musamman a Amurka, ɗalibin da ke karatun zanen gine-gine ba ya kammalawa sai ya taɓa siminti, ya yanka katako, wani lokaci har ya rufe fuska ya kama walda. Ga tambayoyin da suka fi tasowa a kan wannan tsari.

Wane irin karatu ne wannan?

Ɗalibai ne za su zana gini, sannan su gina shi da hannunsu, wa mutanen da za su shiga su zauna da gaske. A aji, aiki yana ƙarewa ranar da aka manna zane a bango malamai suka ba da maki. A nan sai an kafa harsashi, an ɗora rufi, an miƙa mukulli.

Ina aka fara shi?

Jami'ar Yale ce aka fi ambata a tarihinsa. A 1967 malamin zanen gine-gine Charles Moore ya kai ɗaliban shekarar farko ƙauyen New Zion a jihar Kentucky, suka gina zauren taron jama'a, daga baya aikin ya koma gina gidaje masu sauƙin kuɗi a birnin New Haven. Amma wanda ya fi suna shi ne shirin Rural Studio na Jami'ar Auburn, wanda Samuel Mockbee da D.K. Ruth suka kafa a 1993 a gundumar Hale ta jihar Alabama, yankin da talauci ya yi wa katutu. Ɗalibai kan bar harabar jami'a su tare a ƙaramin garin Newbern. Gidan farko da suka gina wa wani iyali da damman ciyawa aka yi bangonsa aka shafe. A 1995 suka gina wurin ibada na Yancey da tsofaffin tayoyin mota da aka ɗura wa ƙasa, a 2000 kuma zauren taron ƙauyen Mason's Bend, wanda aka lulluɓe gefensa da gilasan mota 80 ƙirar Chevrolet Caprice da aka samo a wurin 'yan gwangwan. Mockbee ya rasu a 2001, Andrew Freear ya karɓi ragama.

To me ya sa sai walda? Ai akwai masu sana'ar.

Akwai su, kuma ba wanda ke son ɗalibi ya ƙwace musu abinci. Abin da ake nema daban ne. A allon kwamfuta, haɗa ƙarfe biyu layi ne ɗaya da ake ja cikin daƙiƙa. Layin ba ya gaya maka ko hannun mutum zai shiga wannan lungu, ko sandar za ta samu kwanar da za ta kwanta, ko sai mai walda ya hau tsani ya ɗaga kai narkakken ƙarfe yana zubo masa a wuya. Ɗalibin da ya taɓa yin waldar saman kai sau ɗaya, gobe in zai zana mahaɗa zai nemi yadda za a yi ta a ƙasa a kan benci, a ɗaga a ɗaure da noti. Wannan canji a zane shi ne ribar gaba ɗaya, a ganina. Ƙwarewar hannu za ta iya gushewa bayan shekara biyu a ofis, amma sanin tsadar kowane layi yakan zauna.

Akwai kuma maganar mutunci. Wanda ya sha fama da sanda ba ya zuwa wurin gini yana yi wa mai walda tsawa a kan zanen da ba zai yiwu ba.

Me suke fara koya?

Kafin a kunna inji, awo da yanka da goge tsatsa da garanda, domin walda a kan datti ba ta kamawa da kyau. Sai kunna wuta. Mai koyo yakan dangwala sanda a ƙarfe ta manne, ya fizge, ta sake mannewa, har ya gane cewa gogawa ake yi a ɗan ɗaga kaɗan. In ya ɗaga da yawa wutar ta mutu ko ta yi ta feshi. In ya yi sauri ɗinkin ya fito siriri ba ƙarfi, in ya yi nawa ya huda bututu. Bayan ya gama zai ƙwanƙwashe ɓawon da ke sama da guduma, a nan ne ake ganin gaskiya: ko layi mai santsi, ko ramuka-ramuka. Makarantun da ke da injin da ke turo waya da kansa sukan fara da shi don ya fi sauƙi ga sabon hannu, amma waldar sanda ta fi jure iska a fili.

Darasin da ya fi ba su mamaki shi ne ƙarfe yana motsi. Zafin wutar walda ya haura digiri 3,000, ƙarfe kuwa wajen 1,500 yake narkewa, kuma in yana hucewa sai ya tsuke ya ja abin da ke kusa da shi. Ɗalibi zai daidaita firam ɗin ƙofa tsaf, ya ɗinke kusurwa ɗaya daga farko har ƙarshe, ya dawo da sukwaya ya tarar ta karkace. Shi ya sa ake koya musu ɗigawa tukuna: ɗan ɗigo a kowace kusurwa, a sake aunawa daga kusurwa zuwa kishiyarta, sannan a riƙa ɗinki ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan. Littafi yana faɗin haka, amma sai firam ya karkace a hannunka maganar take shiga.

Babu hatsari?

Akwai sosai. Hasken walda yana ƙona ido ba tare da mutum ya sani nan take ba, sai cikin dare ya ji kamar an zuba masa yashi. Baƙin tabarau na kwalliya ba ya karewa, sai garkuwar fuska mai gilashin walda. Hayaƙin ƙarfe mai rufin zinki yana jawo zazzaɓi, riga mai roba tana narkewa a jiki. Garanda ma, da mutane ke rainawa, tana cikin kayan da suka fi ji wa mutane ciwo.

Ba a mai da talaka zakaran gwajin dafi ba kuwa?

Tambaya ce mai nauyi, kuma an yi wa waɗannan shirye-shirye ita. Iyalin da ba su da zaɓi za su karɓi duk abin da aka ba su, ko da bangon taya ne. Kariyar da ake da ita ita ce injiniya ya duba lissafi, hukuma ta ba da izini, kuma mahaɗar da ke ɗauke da nauyin gini a bar wa mai walda da ya ci jarrabawar sana'a ko a yi ta ƙarƙashin idonsa. Ɗalibi ya yi ƙofa da makarin bene da benci. Shi kansa Rural Studio ya rage ɗoki. Daga 2005 ya koma kan ƙaramin gida da ake fatan ginawa da dala 20,000, wanda maginin gari zai iya maimaitawa da kayan kanti. Farashin bai tsaya a nan ba, su ma sun yarda, amma na fi ganin hankali a wannan mataki fiye da gilasan mota, duk da kyansu a hoto. Wani aibin kuma shi ne jinkiri: shekarar karatu kan ƙare gini bai ƙare ba, har wasu ɗalibai su tsaya bayan sun kammala don su ƙarasa.

Sai mai kayan aiki na zamani ke iya wannan?

A'a. Francis Kéré na Burkina Faso kafinta ne kafin ya tafi Jamus, kuma yana ɗalibi a Berlin ya zana makarantar firamare ta ƙauyensu Gando, aka gama ta a 2001. Babu hanyar kawo manyan ƙarafa ko injin ɗaga kaya, sai ya zana rufin da rodi na yau da kullum, mutanen ƙauye suka koyi yanka shi da zarton hannu suna haɗawa da ƙaramin injin walda. Saƙar rodin ta ɗaga kwano sama da silin ɗin bulon ƙasa, iska na ratsawa tsakani tana kwashe zafi. Ginin ya samu kyautar Aga Khan ta zanen gine-gine a 2004, Kéré kuma ya karɓi Pritzker, babbar kyautar masu zanen gine-gine ta duniya, a 2022, ɗan Afirka na farko da ya samu.