Ku kashe injin kafin ku sa hannu

Watannin nan na gaji da wanke yatsu a ɗakin ɗinkin rauni na asibiti, kuma labarin kusan ɗaya ne. Ana kwaɓa fulawa da ƙaramin injin nan da ake ɗorawa a kan kanta, kwaɓi ya manne a gefen kwano, sai mai aikin ta ce bari ta ɗan tura shi da yatsa. Wata baiwar Allah ta zo min hannunta naɗe da tawul ɗin kicin, fulawa har gwiwar hannu, farcen manuniyarta ya ɗaye, zobe ya lanƙwashe ya nutse cikin nama. Kafin ta zauna ma ta ce, "Wallahi ɗan taɓawa kawai na yi."

Kowa haka yake cewa. 'Yan uwa, ƙanƙantar injin ce take yaudararku. An ƙera shi ne don ya murɗe kwaɓin burodi mai tauri, to ina ga yatsa? Ƙugiyar injin, wato ƙarfen da ke murɗa kwaɓin, tana juya kanta, tana kuma zagaya kwanon, ratar da ke tsakaninta da bangon kwano ba ta kai kaurin yatsa ba. Kin ga fili a gefe, kafin ki ƙifta ido ta zagayo. Ba ta san nama ba, ba ta san fulawa ba.

Masu cewa ai cokali suke sawa, ku ma da ku nake. Ƙugiya ta kama cokali, ko ta fizge shi tare da hannun, ko ta karya shi ɓaraguzai su faɗa cikin abin da yara za su ci. A kashe injin, a jira ya tsaya cak, sannan a kankare gefen. Haba, daƙiƙa nawa ne? Kek ɗin ba zai gudu ba.

Na san kicin ɗin ya matse, na san ana aiki biyar lokaci guda, tukunya a wuta, yaro na jan zane. Ban ga laifinku a nan ba. Amma matsin nan shi ya sa hannu ke kai wa kwano ba tare da an yi niyya ba. Don haka a cire zobe da abin hannu, a naɗe hannun riga, a ɗaure duk abin da ke lilo a wuya. A tura injin can ciki nesa da bakin kanta da famfo, don yana tafiya da kansa in kwaɓi ya yi tauri. Kada waya ta sauko inda yaro zai ja. In za a canza ƙugiya ko a wanke, a zare fulogi daga soket, kashe makunni kaɗai bai isa ba.

In kuma tsautsayi ya faru, a danne ciwon da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama, a zare zobe tun yatsan bai kumbura ba. Kada a barbaɗa komai, mu ne za mu sha wahalar wanke shi, ke kuma ki sha zafi. In wani ɓangaren yatsa ya fita, a naɗe shi a tsumma mai ɗan damshi, a sa a leda, a ɗora ledar kan ƙanƙara, a taho da shi nan take. Ku faɗa mana yaushe aka yi allurar tetanus ta ƙarshe.