Faifan da ke ƙasan tekun Baltik: jirgin halittun wata duniya ne ko dutse?

Mene ne aka gani, kuma su wa suka gan shi?

A watan Yunin 2011, wasu 'yan ƙasar Suwidin biyu, Peter Lindberg da Dennis Åsberg, sun fita da tawagarsu mai suna Ocean X neman jiragen ruwan da suka nutse tun zamanin da. Sana'arsu ke nan. A arewacin tekun Baltik da ke Turai, tsakanin Suwidin da Finlan, na'urarsu ta nuna musu wani abu zagayayye kamar faifai, faɗinsa kusan mita 60, kwance a zurfin kusan mita 90. A gefensa akwai wani dogon zane, wanda suka ce ya yi kama da shaidar jan abu a ƙasa. Kafin ka ce kwabo hoton ya zagaye duniya.

Me mutane suka ce shi ne?

Kowa da nasa. Wasu suka ce jirgin halittun wata duniya ne ya faɗo ya ja ciki. Wasu suka ce ragowar makamin Jamusawa ne na Yaƙin Duniya na Biyu, wanda aka dasa don rikita jiragen ƙarƙashin ruwa. Akwai masu cewa kangon wani tsohon birni ne da ruwa ya ci. Masana duwatsu kuwa suka ce dutse ne, aikin ƙanƙara.

To ai hoton ya nuna kusurwoyi da layuka a miƙe. Dutse yana haka?

A nan ne gizo ke saƙar, domin abin da ake kira hoto ba na kyamara ba ne. Na'urar sona sauti take aikawa cikin ruwa, ta saurari amsa-kuwwarsa, kwamfuta ta haɗa zane daga abin da ya dawo. In jirgin da ke jan ta ya ɗan karkata, ko saurinsa ya sauya, ko ba a saita na'urar daidai ba, sai zanen ya jirkice, layuka su fito inda babu su. Hanumant Singh, wanda a lokacin yake cibiyar binciken teku ta Woods Hole a Amurka, ya duba zanen, ya ce na'urar mai araha ce kuma ba a saita ta yadda ya kamata ba, don haka ba a gina hukunci a kansa. Wannan magana ta fi kama mini hankali a duk muhawarar, saboda zane ɗaya tak mai hazo aka ɗora wa duk wannan kaya. Sannan dutse kan tsage a miƙe. Duk wanda ya taɓa zuwa wurin masu fasa dutse ya ga haka da idonsa.

Ba a nutsa an duba ba?

An nutsa, a 2012. Ruwan wurin duhu ne da sanyi, mai nutso ba ya ganin nesa. Sun ɗebo duwatsu suka kai wa Volker Brüchert, masanin ƙasa a Jami'ar Stockholm. Ya same su duwatsun da aka saba gani ne a yankin, irin su giranit da dutsen yashi. Guda ɗaya baƙin dutsen aman wuta ne, wanda ake kira basalt, kuma shi ma ya ce ƙanƙara na iya kawo shi daga wani wuri. Tawagar ta ce na'urorinta sukan ɗauke in an matso kusa da abin, amma daga bakinsu kaɗai aka ji wannan.

Ta yaya ƙanƙara za ta ɗauki dutse?

Mu da muka san ƙanƙara a cikin firji, abin zai yi mana wuyar hasashe. A zamanin sanyi na ƙarshe, ƙanƙara ta lulluɓe Suwidin da Finlan da tekun da ke tsakaninsu, kaurinta ya kai kilomita biyu zuwa uku. Ba a tsaye take ba, tana malala a hankali, tana kankare ƙasa, tana tumɓuke duwatsu masu girman ɗaki tana tafiya da su ɗaruruwan kilomita. Da ta narke, kimanin shekara 10,000 da suka wuce, sai ta zubar da kayanta nan da can, ta bar tuddai da dogayen zane a ƙasa. Nauyinta ya danne ƙasar har ta lotsa, kuma har yau gaɓar wannan yanki tana tasowa da kusan milimita 9 duk shekara. A irin wannan wuri, samun tulin dutse mai baƙuwar siffa da zane a gefensa shi ne abin da ake tsammani.

An taɓa yin irin wannan ruɗani a baya?

Ƙwarai. A 1964 jirgin binciken Amurka mai suna Eltanin ya ɗauki hoton wani abu a zurfin kusan mita 3,900, yamma da ƙarshen Kudancin Amurka. Sanda ce a tsaye da rassa a jere, sak eriyar talabijin. Aka yi ta cewa baƙi daga sama ne suka kafa ta. A 1971 masana teku biyu, Bruce Heezen da Charles Hollister, suka nuna cewa wani nau'in soson teku ne, halitta mai rai da masana suka riga suka zana siffarta tun ƙarni na 19.