Ishara a waƙar Latin: abin da ake nufi, da yadda Claudian ya yi aiki da ita

Masu nazarin waƙoƙin Rumawa suna yawan amfani da wata kalma ta Latin, allusio, wadda a Hausa ishara ce ta fi dacewa da ita. Abin da ake nufi shi ne mawaƙi ya ɗauko kalma ko siffantawa daga wata tsohuwar waƙa sananniya, ya saka a tasa ba tare da ya ambaci mai ita ba, yana kuma so mai sauraro ya gane inda ya ɗauko. Wanda ya yi karatun balaga a zaure ba zai ji abin baƙo ba, don malamai sun daɗe da rarrabe talmihi da iƙtibasi da tadmini. Talmihi ne ya fi kusa. Kamar dai a ce maka "komai nisan jifa" a yi shiru: ragowar maganar tana kanka, kai za ka ƙarasa.

Wani masanin Italiya, Giorgio Pasquali, ya yi wata 'yar maƙala a 1942 inda ya raba abubuwa uku da ake cakuɗawa. Baitin wani yana iya faɗo wa mawaƙi bai ma sani ba. Yana iya kwaikwayo yana fatan kada a gano shi. Ita kuwa ishara ba ta aiki sam sai mai karatu ya tuna asalin. Ɓarawon baiti ɓoye sawunsa yake yi. Mai ishara da gangan yake barin sawu.

A ƙarshen zamanin daular Rum wannan salo ya yi kasuwa sosai, kuma dalilin yana makaranta. Duk ɗan da aka kai wurin malamin nahawu, Aeneid, doguwar waƙar Virgil babban mawaƙin Rum, ake ɗora shi a kai, baiti bayan baiti, har ya haddace. Augustine, malamin Kirista wanda aka haifa a 354 a ƙasar da yanzu take Aljeriya, ya ba da labarin yadda yana yaro yake kuka saboda mutuwar sarauniya Dido a wannan waƙa. Mawaƙin da ke da irin waɗannan masu sauraro, kalma biyu sun ishe shi ya tayar da labari guda a ransu.

Claudian mutumin Iskandariyya ne ta Masar, kuma Girkanci ne harshensa na farko. Ya iso Italiya wajen 394, ya zama mawaƙin fadar sarki Honorius da babban kwamandansa Stilicho, har aka kafa masa mutum-mutumi a dandalin Trajan da ke birnin Rum. Daga 404 ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Cikin ayyukansa akwai De Raptu Proserpinae, wato sace Proserpina, waƙa mai littafi uku da baiti sama da 1,100, wadda bai ƙarasa ba. Labarin tsohuwar tatsuniyar Girkawa ce: Pluto, sarkin ƙasar matattu, ya fusata don ba shi da mata, Jupiter, sarkin alloli, ya yanke a ba shi Proserpina 'yar allahiya Ceres, uwar kuwa ta ɓoye 'yarta a tsibirin Sisili ba ta san an gama shirya komai ba. A lokacin daular ta riga ta koma Kiristanci, an ma hana yanka wa gumaka tun zamanin sarki Theodosius. Waɗannan alloli sun zama kayan aikin mawaƙa da abin ado na masu ilimi.

Ga wurin da ya fi nuna abin a fili. A ƙarshen littafi na ɗaya Proserpina tana zaune tana yi wa mahaifiyarta saƙa mai hoton duniya baki ɗaya. Sai ƙofa ta buɗe, alloli mata uku, Venus da Pallas da Diana, suka shigo, kuma Venus an aiko ta ne ta yaudari yarinyar ta fita waje. Proserpina ta ajiye aikin, kunya ta sa kumatunta suka yi ja. Claudian ya ce ko hauren giwar da wata mace 'yar ƙasar Lydia ta rina da jan rinin birnin Sidon bai kai wannan ƙyalli ba.

Wanda bai san komai ba zai ce siffantawa ce mai kyau, ya wuce. Amma hauren nan yana da tarihi. A littafi na huɗu na Iliad, waƙar Homer mawaƙin Girka a kan yaƙin Troy, Pandarus ya harbi Menelaus da kibiya ana tsakiyar sulhu, jini ya gangaro masa a cinya har idon sawu. Homer ya kamanta jinin da rinin da mace 'yar Maeonia ko Caria take shafa wa haure don ƙawata linzamin doki. Maeonia kuwa tsohon sunan Lydia ne. Virgil ya ɗauke wannan hoto daga filin daga ya kai shi fuskar budurwa. A littafi na goma sha biyu na Aeneid, Lavinia tana jin mahaifiyarta Amata tana kuka tana roƙon Turnus, mai neman auren yarinyar, kada ya fita gaba da gaba da abokin takararsa Aeneas, sai fuskarta ta yi ja, kamar wanda ya ɓata hauren Indiya da rini mai launin jini. Aikatau ɗin da Virgil ya zaɓa, violaverit, na keta haddi ne. Lavinia ita ce yarinyar da ake yaƙi a kan aurenta, kuma daga farkon waƙar har ƙarshe ba ta furta kalma ko ɗaya ba.

To Claudian ya share jinin, ya share keta haddin, ya sa aikatau mai sanyi, tinxerit, wato rini kawai. A saman baitin babu abin tsoro ko kaɗan. Mai karatun da ya haddace Virgil shi ne zai dawo da jinin da kansa, ya ga cewa wannan ma yarinya ce da za a aurar ba a tambaye ta ba, ga kuma uwa da za ta sha kuka. A ganina nan ne gwanintar take, kuma nan ne masu cewa waƙar wannan zamani kwafe ce kawai suka yi kuskure. Akwai ma 'yar gasa a ciki. Homer da Virgil sun ce "kamar haure", shi ya ce "ko haure bai kai ba".

Sai kuma gizo-gizo. A littafi na uku Ceres ta dawo gida bayan munanan mafarkai, ta tarar ƙofofi a buɗe, ba masu gadi, saƙar tana nan ba a ƙarasa ba, gizo-gizo yana cike gurbin da ya rage da zarensa. Claudian ya kira shi mai tsaurin ido, ya kira saƙarsa ta saɓo. Me gizo-gizo ya yi da zai cancanci wannan zagi? Amsar tana littafi na shida na Metamorphoses, waƙar Ovid, wani mawaƙin Rum. Arachne masaƙiya ce da ta ƙalubalanci Pallas, ta saƙa hotunan yadda alloli maza suke rikiɗa suna yaudarar mata, aka rasa aibin aikinta, Pallas ta yaga saƙar, daga baya ta mayar da ita gizo-gizo. Ashe wadda ta fallasa ta'asar alloli ce ta zo ƙarasa aikin yarinyar da allolin suka haɗa baki aka sace.

Daga nan gardamar masana take farawa. Arachne a Lydia take zaune, mahaifinta kuma marini ne mai rina ulu da irin wannan jan rini. Shin macen Lydia ta baitin haure tana nuni da ita ma, ko kuwa mai karatu ne ya fara ganin abin da babu? Wasu sun ce ba ishara sai an tabbatar da niyyar mawaƙi. Wasu sun ce niyya ta bi mai ita kabari, abin da ya rage shi ne yadda matani yake amsa wa matani. Ni dai ina ganin idan kalmomin ba na yau da kullum ba ne, kuma ganin asalin yana ƙara wa wurin ma'ana, hujja ta yi ƙarfi. Haure da rini sun cika wannan sharaɗi game da Homer da Virgil. Game da Arachne kuwa zato ne mai daɗi, ba ƙari.

Salon bai tsaya kan Claudian ba. A Carthage, kusa da birnin Tunis na yau, Dracontius ya yi gajerun waƙoƙi a kan Medea da Orestes da sace Helen a ƙarshen ƙarni na biyar, ƙarƙashin mulkin ƙabilar Vandal, yana ta jan zare daga Virgil da Ovid da Statius. Wasu kuma sun kai abin maƙura da abin da ake kira cento, waƙar da ba ta da baiti ko ɗaya na mai ita. Wata mata mai suna Proba, a ƙarni na huɗu, ta harhaɗa gutsattsarin baitocin Virgil kusan 700 ta ba da labarin halittar duniya da rayuwar Almasihu. Jerome, malamin Kirista na wancan zamani, bai ga abin burgewa a irin wannan aiki ba: a wata wasiƙarsa ya kira shi wasan yara, irin na masu dabo a kasuwa. Duk da haka an ci gaba da kwafe waƙar Proba ana karanta ta har tsawon ƙarnoni bayansa.