Waiwaye: Daga ina man kariya daga rana ya faro, kuma wa ya kai wa a Jos?

Sanyin Jos yana ruɗar mutane. Garin yana bisa tudu, wajen mita 1,200 sama da teku, kuma duk mita dubun da aka hau, hasken UV, wato ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani amma yake ƙona fata, yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin ɗari. Mai sayar da tumatir a Farin Gada za ta yini da rigar sanyi a jikinta, rana na cin fuskarta ba ta ji ba. Baƙar fata tana da nata garkuwar, ko da ba ta isa ba. Zabiya kuwa kusan ba shi da komai, shi ya sa sankarar fata ke yi wa zabaya ɗauki ɗai-ɗai tun suna da ƙuruciya.

Waɗanda suka fara haɗa man kariya daga rana ba da mu a ransu suka yi ba. A tsakiyar shekarun 1930, Eugène Schueller, wanda ya kafa L'Oréal a Faransa, ya fitar da Ambre Solaire don masu shan rana a bakin teku. A 1938 rana ta ƙone wani ɗalibin kimiyya ɗan Ostiriya, Franz Greiter, yana hawan dutsen Piz Buin, kuma a 1946 ya fito da nasa man. Damuwarsu ɗaya ce, kada fata ta yi ja ta saluɓe.

Nan aka bar baya da ƙura. Ƙunar nan aikin nau'in hasken UV da ake kira UVB ce, kuma kariya daga gare ta ce lambar SPF da ke jikin kwalbar man ke aunawa: SPF 30 na tare kusan kashi 97 cikin ɗari, SPF 50 kusan 98. Amma akwai wani nau'in, UVA, wanda ke ratsa gajimare da gilashin mota, ya nutsa cikin fata, ya tsufar da ita, ya kuma taimaka wa sankara. Shekaru da yawa mutane suna shafa mai, ba sa ƙonewa, sai su ƙara daɗewa a rana, UVA na ta ɓarna a ɓoye.

Sinadarin abobenzon ya zo don toshe wannan kafa. Turai ta amince da shi a 1978, Amurka a 1988. Sai dai hasken ranar da aka sa shi ya tare shi ne ke karya shi, dole sai an haɗa shi da wani sinadari irin oktokirilin ya riƙe shi. Sauyin gaske ya zo da Mexoryl SX na L'Oréal a farkon shekarun 1990, sannan Tinosorb S da Tinosorb M na kamfanin Ciba na Siwizalan a 2000, waɗanda yanzu suke hannun kamfanin BASF. Ƙwayoyin Tinosorb manya ne, ba sa ratsa fata da sauƙi, rana ba ta lalata su, kuma suna tare UVA da UVB gaba ɗaya. Da ɗan kaɗan mai haɗawa zai kai kariyar da yake nema, man ya fito ba nauyi ba danƙo.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Tsohon haɗi na zink oksaid yana kariya ƙwarai, amma a baƙar fata yakan bar mutum fari fat kamar ya shafa toka. Yarinyar da ƙawayenta suka yi wa dariya sau ɗaya a makaranta ba za ta sake shafawa ba. Yanzu ana niƙa zink ɗin ya yi laushi sosai, ana kuma zuba ayon oksaid ya ba man launin fata, ya rage baƙin tabon da hasken rana ke jawowa a kumatu.

Abin da ke ci mini rai shi ne kuɗi. Lambar da ke jikin kwalba ana samun ta ne idan an shafa miligiram 2 a kan kowane murabba'in santimita na fata, a kuma maimaita bayan awa biyu. Uwar da ta sayi ƙaramar kwalba daga waje da tsada, tsakura za ta riƙa yi da ɗan yatsa don ya kai wata. Kariyar ta zube ke nan, ko da sinadarin ya fi kowane inganci.

A Moshi ta Tanzaniya an daɗe ana haɗa wa zabaya man Kilisun a cikin gida ana raba musu kyauta. A nan Najeriya, Jake Epelle ya kafa gidauniyar zabaya a 2006, kuma a 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa man kariya daga rana cikin jerin muhimman magunguna. Jami'ar Jos tana da tsangayar harhaɗa magunguna, man kaɗe kuma ga shi a kasuwa. Shi kaɗai ba ya tare rana yadda ake bukata, kada a yaudari kowa, amma zai iya zama abin kwaɓi. Saura a shigo da sinadaran da araha, a gwada haɗin a kan fata, NAFDAC ta tantance, a kai shi asibitocin Mangu da Bokkos inda yara zabaya ke bin iyayensu gonar dankali.