Pedalbod ɗin mai bas: mene ne shi, kuma me ake ɗorawa a kai

Duk wanda ya shiga harkar kiɗan gitar bas a Garwa ko Marwa ko Ngaundere a arewacin Kamaru ba zai daɗe ba zai fara jin ana cewa wane ya haɗa pedalbod, wane yana cigiyar pedalbod na hannu daga Duwala, kuma da yawa cikin yaran da ke faɗin kalmar sun ɗauka wata na'ura ce guda da ake ciro ta daga kwali. Toh ba haka bane. Pedalbod faifai ne kawai, na katako ko na alminiyom, da ake jera ƙananan akwatunan gyaran sauti a kai, a manne su, a haɗa su da gajerun wayoyi, a ba su wuta daga wuri guda, ranar wasa sai ka ajiye shi a ƙasa gabanka, ka soka waya ɗaya daga gitar, ka fitar da ɗaya zuwa ampli, wato akwatin ƙara ƙarfin sauti, shikenan. Akwatunan nan su ne pedal, da ƙafa ake taka su tunda hannu biyu duk suna kan tsirkiya. Masu Faransanci a nan sukan ce pedaliye, amma yawanci abin da suke nufi shine na'urar nan ƙwaya ɗaya mai sautuka da yawa a cikinta, irin su Zoom B1 Four ko B3n, ita kuma zan zo kanta.

Abin ba yau ya fara ba. A shekarun 1970 wani injiniya a Ingila mai suna Pete Cornish yana haɗa wa manyan makaɗa irin su Brian May da David Gilmour allunan pedal, sannan a 1977 kamfanin Boss na Japan ya fara fitar da ƙananan pedal ɗinsa masu launi-launi, waɗanda har gobe su ake fi gani a ƙarƙashin ƙafar makaɗa. Ita kuma bas mai lantarki, Fender ne ya yaɗa ta da Precision Bass a 1951.

Abin da nake so ƙannenmu su fara riƙewa shine pedalbod ɗin mai bas ba irin na mai gitar solo bane, kar ka kwafi na abokinka. Tsirkiyar bas mafi kauri, wato E, tana kaɗawa wajen sau 41 a daƙiƙa, in mai tsirkiya biyar ce B ɗinta yana sauka har wajen 31, wannan sautin a ƙirji ake jinsa kafin kunne, kuma shi ne yake tashin mutane rawa a wurin biki. Pedal da yawa na gitar solo an ƙera su ne su yanke wannan ƙasan don gitar ta fito fes, pedal ɗin nan Tube Screamer ma haka yake yi, toh in ka soka bas a ciki ka taka sai ka ji nauyin ya gudu, mai ganguna ya juyo yana kallonka, kiɗan duk ya zama ba gindi. Shi yasa pedal ɗin da aka yi don bas yawanci suke da maɓallin da ake cewa blend, aikinsa ya gauraya asalin muryar gitar da wadda aka sarrafa. In za ka sayi obadirayib ko foz na hannu, wato pedal masu sa sauti ya yi kaushi, wannan maɓallin za ka fara dubawa kafin kayi ciniki.

Sai maganar jeri, kuma a nan ne aikin yake. Sautin yana tafiya ne kamar ruwan lambu, daga wannan fangali zuwa na gaba, duk abin da ya kwasa a na farko da shi zai shiga na biyu. Na farko daga gitar tuna ne, abin saita tsirkiya, wanda wasu ke cewa akordar, irin su Boss TU-3, yana son sauti tsantsa kafin komai ya taɓa shi, kuma yana da wani amfani da ba a cika faɗa ba, kana taka shi komai ya yi shiru, ka saita gitar ko ka zare waya ba tare da sifika ta yi ƙarar da za ta firgita tsofaffin da ke zaune a gaba ba. Bayansa kwamfuresa. Wannan kam ni a wajena shi ne pedal ɗin da ya fi cancantar kuɗin mai bas, duk da ba ya yin wani abin burgewa da za ka nuna wa abokai. Aikinsa ya danne bugun da ya yi yawa don a ɗago wanda ya yi laushi, misali kana kiɗan makossa kana tafiya da yatsa biyu a hankali sai ka zo wurin da za ka mari tsirkiya da babban yatsa ka fizgo siririyar tsirkiya G, ba kwamfuresa wannan fizgar sai ta soki kunnen jama'a, sauran kuma su nutse ƙarƙashin fiyano. Amma in ka murɗa shi da yawa kiɗan zai mutu, ko'ina ya zama daidai, hannunka ya daina magana, don haka kaɗan-kaɗan ake sa shi.

Daga nan oktab, irin tsohon Boss OC-2, mai ƙara maka murya ta biyu a ƙasan wadda ka kaɗa, yana so ya zauna kusa da farko domin sai ya gane sautin da ka buga kafin ya yi aikinsa, in ka ba shi sauti mai datti ko ka kaɗa tsirkiya biyu tare sai ya rikice ya yi ta rawar murya. Sai filta mai yin wak-wak irin na fonk, sai obadirayib, sai su koros, mai sa sauti ya fito kamar gita biyu tare, a can baya. Ba doka bace da aka saukar, akwai masu juya wasu kuma ya yi daɗi, amma ka fara da wannan tukuna.

A ƙarshen layi sai DI, akwatin da ke kai sautinka kai tsaye wurin mai sauti. Wanda duk ya taɓa wasa a wurin biki ko a filin makaranta ranar matasa ta 11 ga Fabrairu ya san yadda abin yake, ka iso babu amplin bas, ko akwai amma sifikar ta yage tana kukan kwaɗo, mai sauti yana zaune can nesa ƙarƙashin rumfa da miksa ɗinsa ya ce maka Malam kawo wayarka nan. Wayar jak ta gitar in ta wuce kamar mita 6 sai sautin ya fara dushewa tana kwasar ƙara a hanya. DI yana juya sautin ya koma irin na makirfo, ya bi waya mai haƙora uku, XLR, wadda take tafiya mai nisa lafiya lau. A jikinsa akwai ɗan maɓalli da aka rubuta ground lift, in ka ji sifika tana gurnani huuum ba tsayawa, sau da yawa shi kaɗai za ka danna gurnanin ya ɗauke. SansAmp Bass Driver na kamfanin Tech 21 ya yi suna a wannan aikin saboda yana haɗa DI da muryar ampli a akwati ɗaya, kuma yana iya cin wuta daga miksa, wutar nan ta bolt 48 da ake ba makirfo.

Yanzu wuta. Wallahi pedal ɗin da suka mutu a garuruwanmu, waɗanda na gani da idona, yawanci ba tsufa ya kashe su ba, adafta ce. Akasarin pedal bolt 9 suke ci, kuma tsakiyar bakin adaftar ne negatib, alhali cajojin rediyo da na dikoda da ke yawo a gida yawanci akasin haka suke, bakin zai shiga daidai amma ciki ya ƙone. Ka duba ɗan zanen da ke jikin adaftar kafin ka soka. Na biyu, wutarmu bolt 220 ce, kayan hannu da suka fito daga Amurka sukan zo da adaftar 120, wannan sokawa ɗaya take yi. Na uku a lissafa abin da kowane pedal yake sha, na da irin su obadirayib ɗan miliamfiya kaɗan ne, na dijital kuma yakan haura 100 har 300, in ka jera su duka a waya ɗaya mai rassa sai ƙara ta shigo, musamman in an koma kan janareta. Kuma mun san yanayinmu, arewa yawanci da madatsar Lagdo ta dogara wajen wuta, rani in ya yi tsanani ruwa ya ja baya sai a shiga rabon wuta, wasa da yawa a kan janareta ake yinsa tare da firji da fitilu a layi guda. Akwatin wuta mai ware wa kowane pedal hanyarsa yana da tsada, amma ya fi maka pedal na biyar amfani. Mai bas ɗin da ke da batir a cikinta kuma ya riƙa zare jak in ya gama, barin sa a soke yana shanye batirin ko ba a kiɗa.

Ga ƙura, ga zafi. Hazon hunturu yana shiga maɓallai har ka ji suna ƙara in ka murɗa, zafin Maris da Afrilu kuma da ke haura digiri 40 a Garwa yana narkar da gam ɗin velkro, abin da ake manna pedal da shi, ka ɗaga allo pedal ya zame. Ɗaurin roba irin na masu gyaran waya ya fi riƙewa, sannan a samo jaka mai zif, ko tela ya ɗinka maka da soso a ciki tunda a bayan mashin za a ɗauko shi.

Maganar Zoom da na ce zan dawo, ni ban yarda da masu raina ta ba. Ga ɗalibi ko malamin makaranta ko makaniken da sai Asabar yake samun zuwa repetisiyon, wato gwajin kiɗa da 'yan ƙungiya, B1 Four tana da tuna da kwamfuresa da ganguna na gwaji a ciki, tana aiki da batir AA guda 4 ko ta USB, ko an ɗauke wuta kana ɗakinka da abin kunne kana koyo. Matsalarta ɗaya, sautukan da aka zuba mata daga kamfani sun cika ado, gara ka share ka gina naka guda biyu ko uku.

Kuma gina su a wurin repetisiyon ake yi ba a ɗaki ba, don abin da ya yi maka daɗi kai kaɗai yakan ɓace da zarar mai ganguna ya taka babbar gangarsa, mai fiyano kuma ya sauko da hannun hagu cikin filinka. A zauna a daidaita, kowane pedal in an taka shi ƙarfin sauti ya tsaya kusan inda yake, kar ya yi tsalle. Ƙasar nan Kamaru ai ta masu bas ce, Jean Dikoto Mandengue ya yi kiɗa da Osibisa, Armand Sabal-Lecco da Paul Simon, Etienne Mbappé mai baƙar safar hannu da John McLaughlin, ga Aladji Touré a makossa, ga Richard Bona ɗan Minta da aka haifa a 1967 wanda yake amfani da lufa ya naɗi muryarsa ya yi ta ɗorawa a kai a gaban jama'a. Yaro ya kalle su a YouTube sai ya ce kayan ne, amma ka saurara da kyau za ka ji yawancin lokaci sautinsu a wanke yake, yatsu ne ke aiki.

Ƙungiyar da ke adashi don sayen kaya, shawarata DI ɗin ya zama na kowa a ajiye shi da wayoyi masu kyau a jakar ƙungiya, a rubuta wanda ya ara da ranar da ya ɗauka don kar zumunci ya ɓaci a kan akwati. Shi kuma mai bas ya fara da tuna da adafta ta ƙwarai, in hali ya samu ya ƙara kwamfuresa, allon kuma kafinta zai yanka masa daga ragowar katako, ya bar fili a gefe don na gaba.